A Nemi Maganin Ciwon Damuwa Tun Da Wuri

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin mutanenmu a ɓoye. Ba ta fid da ƙurji, ba ta kawo zazzaɓi, ma'aunin zafin jiki kuma ba ya nuna ta, amma ta kan hana magidanci zuwa gona ana tsakiyar damina, ta raba mai jego da jaririnta alhali kuwa yana bisa cinyarta, ta mai da yaro mai ƙwazo ya koma ƙarshen aji. Likitoci suna kiranta ciwon damuwa. Mun ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu a kanta, musamman malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, domin su ne masu riƙe da rajista, su ne kuma su kan fara lura idan wani ya canja. Abin da mu ke so mu tabbatar musu shi ne, wannan cuta tana da magani, kuma gwargwadon saurin kai marar lafiya wurin masu magani, gwargwadon sauƙin warkewarsa da ƙarancin kuɗin da za a kashe.

Da farko ya kamata a san alamunta. Mai ciwon damuwa ya kan wuni cikin ƙunci kusan kullum, har mako biyu ko fiye, ba tare da ya sami sararawa ba. Abin da ya ke jin daɗinsa a da, ko hira a dandali, ko cin kasuwa, ko wasa da 'ya'yansa, duk sai ya fita daga ransa. Barci ya kan ƙaurace masa, ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa, wani kuwa barcin ne ya ke yi masa yawa. Abinci ba ya shiga, jiki ya mutu, ƙaramin aiki ya zama kamar ɗaukar dutse. Akawu ya haɗa lissafi sau uku bai fito daidai ba, malami ya tsaya gaban allo ya manta abin da zai rubuta. Sa'an nan sai mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. In abin ya yi tsanani har ya riƙa ganin gara mutuwa da wannan zama. Wanda waɗannan alamu su ka taru a kansa, su ka hana shi aikinsa da zaman gidansa, to, marar lafiya ne, daidai da mai ciwon sukari ko mai hawan jini.

Wani zai ce ai baƙin ciki ba baƙon abu ba ne, kowa ya taɓa rashi, kowa ya taɓa hasara. Gaskiya ne. Amma baƙin cikin rashi ya kan yi sauƙi da tafiyar kwanaki, mai shi kuma ya kan ji sanyi idan 'yan'uwa su ka zo ta'aziyya. Ciwon damuwa kuwa ya kan zauna daram, wani lokaci ya biyo bayan masifa, wani lokaci ya zo ba a san dalilinsa ba. Wannan bambanci ba Turawa ne su ka fara gano shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani malami na ƙasar Khurasan wanda ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da a ka san sanadinsa da wanda ke faɗo wa mutum ba sanadi, ya kuma bayyana cewa na biyun yana da asali a jiki, sai an haɗa masa da magani. A nan gida kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a Wurno, ya rasu a can a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, har da na cututtukan da mutane ke jin kunyar ambatonsu kamar basir. Saboda haka duk wanda ya ce neman maganin cuta raunin imani ne, bai bi hanyar magabatan ƙasar nan ba. Addu'a da magani tare su ke tafiya.

Cutar kuma ba ta 'yan kaɗan ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita, mata sun fi maza yawa, kuma fiye da mace 1 cikin 10 na masu ciki da masu jego tana taɓa su. A rahoton da hukumar ta fitar a 2017 ta ce masu wannan ciwo a Nijeriya sun kai miliyan 7. A 2019 kuma ta bayyana cewa a wuraren da a ka yi fama da tashin hankali, kimanin mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa na cikin manyansu.

Wannan ƙididdiga ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai, don gabashin Sakkwato ya sha wuya. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, tun daga Goronyo har birnin Sakkwato. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga su ka auka wa ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, su ka kashe fiye da mutum 30, waɗanda su ka tsira su ka gudu zuwa Gandi. Ran 17 ga Oktoba 2021 a ka buɗe wa 'yan kasuwar Goronyo wuta, fiye da mutum 40 su ka rasa rayukansu. An ƙidaya matattu, an ƙidaya shanun da a ka kora, an raba buhunan hatsi da tabarmi. Amma gwauruwar da ta daina magana, da manomin da ya sayar da gonarsa don fansar ɗansa ya koma ba ya fita daga zaure, da yarinyar da ke zabura da dare, waɗannan ba su shiga kowane littafin lissafi ba. Ga su nan a cikinmu, waɗansu ma 'ya'yansu ne ke zaune a azuzuwanmu.

To, me ke hana a kai su asibiti da wuri? Dalili na farko shi ne cutar ta kan zo da rigar wata cuta. Mutanenmu ba su cika cewa suna cikin damuwa ba. Abin da za ka ji shi ne kai na zafi, ƙirji ya yi nauyi, zuciya na bugawa, wani abu na yawo a jiki. Sai a tafi kantin magani a sayi na zazzaɓin cizon sauro, a sake komawa a sayi na taifot, a yi ƙarin ruwa, wata ya bi wata ba sauƙi. Dalili na biyu kunya ce. Da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa sai a ce hauka, a ji tsoron kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, ko ma'aikaci ya rasa ƙarin girma. Alhali kuwa mai ciwon damuwa yana cikin hankalinsa, ya san kowa, ya san abin da ya ke ciki, wannan ma shi ke ƙara masa azaba. Dalili na uku shi ne a kan ɗora abin a kan sammu ko iska, a sayar da akuya, a sayar da albasar da a ka ajiye don tsada, a yi ta yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Sai dukiya ta ƙare sa'an nan a tuna da likita.

Jinkirin nan yana da tsada. Likitoci sun lura cewa ciwon da ya daɗe ba a yi masa magani ba ya fi wuyar warkewa, ya kuma fi saurin dawowa. A cikin watannin da a ke jira, ma'aikaci ya kan sami takardar gargaɗi saboda fashi, aure ya kan mutu, jariri ya rame don uwarsa ba ta da kuzarin kula da shi. Samari kuwa da yawa su kan nemi mafaka wurin ƙwayoyi irin su taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018, sai cuta ɗaya ta zama biyu. Duk manomin rani na fadamar Wurno ya san ɓarakar da za a toshe da kwando ɗaya na ƙasa yau, in a ka bar ta sai ta ci kwanaki ana aikin gayya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Yanzu bari mu duba magungunan da a ke da su. Na farko shi ne magani ta hanyar magana. Wanda a ka horar ya kan zauna da marar lafiya sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, su jera matsalolin da su ka dame shi, su ɗauki ɗaya su nemi hanyar warware ta, a kuma mai da shi kan ayyukan da ya bari kaɗan kaɗan, a koya masa gane tunanin da ke ƙara dulmuya shi. Ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Na biyu ƙwayoyi ne. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 a ka sami na farko, irin dangin amitiriptilin, sa'an nan a 1987 Amurka ta amince da fuluoksetin, wanda a ka fi sani da sunan Prozac, shi da danginsa kuwa sun fi sauƙin sha ga yawancin mutane. Duka biyun suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kuma samunsu a Nijeriya.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a sani game da ƙwayoyin nan. Ba su aiki nan take, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga canji, saboda haka kada a yar da su ran kwana biyar a ce ba su da amfani. In an sami sauƙi kuma ba a dainawa, sai a ci gaba aƙalla wata shida, a kuma janye su a hankali bisa umurnin likita. Na uku, ba a sayensu da ka. Likita zai fara duba ko ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo ya kawo kasalar, zai kuma tambaya ko mutum ya taɓa shiga wani hali na rawar kai da rashin barci da ɓarnar kuɗi, don mai irin wannan lalura maganinsa dabam ne, ƙwayar damuwa ita kaɗai tana iya tayar masa da ciwo.

Ga waɗanda su ka gwada magani biyu ko fiye ba su dace ba, ilmi ya buɗe sababbin ƙofofi. A 2008 Amurka ta yarda da wata na'ura mai maganaɗisu da a ke ɗora wa mutum a ka, tana motsa sashen ƙwaƙwalwa da ya yi sanyi, marar lafiya yana zaune a farke, a yi ta yi kullum har mako huɗu zuwa shida. A 2019 a ka amince da esketamin, mai sunan Spravato, wanda a ke fesawa a hanci. An samo shi ne daga ketamin, maganin da likitocinmu su ka daɗe suna sa wa mutum barci da shi kafin tiyata. Ya kan yi aiki cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, amma a asibiti kaɗai a ke ba da shi, a tsare mutum awa biyu ana lura da shi, don ya kan ɗaga hawan jini ya kuma juya hankali na ɗan lokaci. A 2023 kuma a ka amince da zuranolon, ƙwayar da mai jego ke sha kwana 14 kacal. Har tsohuwar hanyar nan ta lantarki, wadda a ka fara a Italiya a 1938, an gyara ta, yanzu sai an sa mutum barci a ke yi, tana kuwa ceton waɗanda ciwo ya kai su ga ƙin ci da sha.

Mun kawo waɗannan ne don kowa ya san cewa ko ciwon da ya ƙi jin magani na farko ba a fid da rai a kansa. Amma kada mu ruɗi kanmu. Sababbin magungunan nan suna da tsada matuƙa, ba kuwa za a same su a ɗakin shan magani na Gandi ko na Achida ba. Ga shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Wanda ya zauna jiran maganin Amurka ya bar na kusa da shi, ya yi sakin na hannu.

Sabon abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda a ka gano a ƙasashe masu hali irin namu, wato ba lalle sai babban likita ne zai yi wannan aiki ba. Ɗan ƙasar nan ne ma ya share hanya. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. A 2006 Dakta Dixon Chibanda na Zimbabuwe ya horar da tsofaffin mata, ya ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo ya zauna su tattauna har sau shida, gwajin da a ka buga sakamakonsa a 2016 kuwa ya nuna waɗanda su ka zauna bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A Jihar Oyo kuma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon da yi masa magani, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tun 2008, mafi yawan marasa lafiyan kuma su ka warke. Abin da tsohuwar Harare ta iya, ungozomar Goronyo za ta iya in an koya mata.

Doka ma ta canja. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Tsohuwar ta fi kula da tsare mutum, sabuwar kuwa ta ba shi haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci, ta kuma hana a nuna masa bambanci saboda lalurarsa. Wurin zuwa kuma ba ɓoyayye ba ne. A fara da asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikaci dukan abin da a ke ji, har da na zuci. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kan hanyar Illela, akwai kuma sashen masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yawancin masu ciwon damuwa ba a kwantar da su, a kan duba su ne su koma gida ran nan.

Ya ku malamai, ba mu ce ku zama likitoci ba. Abin da mu ke roƙo shi ne ku yi aiki da idon da ku ke da shi. Yaron da makinsa ya faɗi cikin zango ɗaya, ya daina wasa, ya riƙa kifa kai a kan tebur, kafin a ɗauko bulala a kira shi gefe a tambaye shi lafiya, a kuma nemi mahaifinsa. Malamai mata su sa ido a kan masu jego na unguwarsu, don macen da ta wuce arba'in tana kuka ba dalili, ba ta marmarin ɗaukar ɗanta, ba kawaici ba ne irin na ɗan fari. Ku kuma akawuna da shugabannin ofis, abokin aikin da ya shekara goma ba ya makara, yanzu kuma fayil ya taru a gabansa, kafin a rubuta masa takardar tuhuma a zauna da shi. In an zauna, a saurara fiye da yadda za a yi magana. Kada a ce masa ya cire abin a ransa, don da yana iyawa da tuni ya cire. A ce masa wannan ciwo ne sananne, yana da magani, a kuma raka shi asibiti, don sau da yawa ba shi da ƙarfin zuwa shi kaɗai. Sirrinsa kuwa amana ne, ba abin hira ba ne a ɗakin malamai.

Akwai lokacin da ba a jira ko kwana ɗaya. Idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, ko ya shiga rarraba kayansa yana sallama, kada a ɗauka zance ne kawai. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma ita ke ba shi damar buɗe baki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan feshin gona da sauran abubuwa masu haɗari daga gidan, wani babba ya riƙe ƙwayoyinsa, a kai shi asibiti a ranar.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, su yi abu uku waɗanda ba su fi ƙarfin baitulmali ba. A tura aƙalla ma'aikaci ɗaya daga kowane ƙaramin asibiti ya sami horon gane ciwon damuwa da yi masa magani. A sa ƙwayoyinsa cikin kayan da a ke aika wa asibitocin karkara, kada wanda ya fara sha ya yanke don babu. A kuma shirya da likitocin Kware su riƙa zagayowa a kan ranar da kowa ya sani, su fara da wuraren da 'yan gudun hijira su ke. Makarantun horon malamai su ma su sa wannan darasi cikin abin da su ke koyarwa, hakimai da dagatai da limamai kuma su taimaka a gusar da kunyar da ke hana mutane fitowa.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gidan da ya ɓoye marar lafiyarsa wata shida don gudun bakin mutane, ƙarshenta ya kan fito da shi a lokacin da kowa zai gani, bayan gona ta tafi, aiki ya tafi. Wanda ya kai nasa a makon farko da ya gane alamun, mai yiwuwa kafin girbi ya ga ɗan'uwansa ya koma bakin aikinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.